Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Sa Yis Ya Ƙera Furotin na Magani

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar sun haɗu a kan batu guda, wato yadda masana ke sa ƙwayar yis ta ƙera furotin da ba nata ba, musamman wanda ake buƙata domin magani da rigakafi. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin, amma ba mu sauya ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata tana fama da ciwon sukari, kuma a takardar da ke cikin kwalin insulin ɗinta na ga an rubuta cewa an samar da shi ne ta hanyar yis mai suna Saccharomyces cerevisiae. Iyakar sanina, aikin yis shi ne kumbura kwaɓin fulawa. Ta yaya zai fitar da sinadarin da jikin ɗan Adam ke yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da kika karanta gaskiya ne, kuma yis ɗin da aka ambata jinsinsa ɗaya da wanda kika sani, illa dai an yi masa ƙari a cikin kayan gadonsa. Yis abu ne mai rai, ɗan dangin fumfuna, wanda dukkan jikinsa ƙwaya ɗaya ce tak da faɗinta bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 1,000 na milimita ba, kuma yana hayayyafa ne ta hanyar fitar da ɗan ƙullutu a gefensa, wanda zai girma ya ɓalle ya zama sabuwar ƙwaya.

Furotin kuwa, ko na mutum ne ko na tsiro ko na yis, sarƙa ce da aka jera daga tubala iri 20 da ake kira amino asid. Tsarin jera su a rubuce yake a cikin DNA, kuma kowane yanki da ke ɗauke da umarnin furotin guda shi ake kira ƙwayar gado. Abin da ya buɗe ƙofar wannan fasaha shi ne cewa kusan dukkan halittu da haruffa iri ɗaya aka rubuta musu wannan umarni, kuma da ƙa'ida ɗaya suke karanta shi, saboda haka idan aka kwafo umarnin insulin na mutum aka dasa shi a cikin yis, yis zai karanta shi ya yi aiki da shi tamkar nasa ne.

Kafin shekarar 1982, yawancin insulin da marasa lafiya ke amfani da shi daga jikin shanu da aladu ake tace shi, daga gaɓar nan ta bayan ciki da likitoci ke kira fankiriyas. A wannan shekara ce aka amince da Humulin na kamfanin Eli Lilly, wanda bakteriyar E. coli ta ƙera, kuma shi ne magani na farko a duniya da aka samar ta hanyar dashen ƙwayar gado. A 1987 kamfanin Novo na ƙasar Denmak, wanda daga baya ya zama Novo Nordisk, ya fara samar da nasa daga yis. Insulin yana da amino asid 51 a sarƙa biyu, ɗaya mai 21 ɗaya mai 30, tare da gadoji uku na sinadarin sulfa da ke riƙe siffarsa. Dabarar da aka yi ita ce a ba yis umarnin ƙera sarƙar a haɗe guda ɗaya, ya naɗe ta ya ƙulla gadojin a daidai wurarensu, sannan ya turo ta waje cikin ruwan da ake renonsa, daga nan a tace ta a yi amfani da wani enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki na musamman kamar yanka ko narkarwa, a datse abin da ba a buƙata.

Wannan naɗewa da turowa waje su ne ainihin martabar yis, kuma ina so ki riƙe su domin duk sauran amsoshin a kansu suke. Sarƙar furotin ba ta aiki sai ta naɗu ta ɗauki siffarta ta musamman, kamar yadda makulli ba ya buɗe kwaɗo sai haƙoransa sun dace. Bakteriya tana da sauri ƙwarai, domin E. coli na iya ninka yawanta cikin kimanin minti 20, amma ƙwayarta fili ce ɗaya babu ɗakuna, don haka furotin da yawa na mutum idan aka sa ta ƙera su sai su dunƙule a cikinta su zama curi, sai an fasa ta an narkar da su an sake naɗe su a masana'anta. Har ila yau fatarta tana ɗauke da wani dafi mai jawo zazzaɓi, wanda dole a kawar da shi sarai. Ƙwayoyin jikin dabbobi masu shayarwa sun fi kowa iya naɗi, amma sukan ɗauki kusan kwana guda kafin su ninka, abincinsu yana da tsada, kuma bairas mai kama mutum zai iya shiga cikinsu. Yis yana tsakani: yana ninkawa cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, sukari da gishirin ma'adinai da amoniya da 'yan bitamin sun wadatar da shi, kuma yana da ɗakunan naɗi da hanyar fitarwa irin na ƙwayar mutum. Kamanceceniyar ta kai ga cewa binciken da Randy Schekman ya yi a kan wannan hanya a jikin yis shi ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2013, tare da James Rothman da Thomas Südhof. Duk da haka, har yau wani babban kaso na insulin ɗin duniya E. coli ke ƙera shi, kuma idan an tace shi da kyau ba shi da bambanci da na yis.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar ƙananan halittu. A zahiri ta yaya ake shigar da ƙwayar gadon, kuma me ya sa nake yawan ganin sunan Pichia pastoris a sababbin bincike?

Amsa: Ɗan'uwa, ana fara haɗa wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a sa masa ƙwayar gadon da ake so tare da makunni a gabanta, wato yankin da ke tantance lokacin da za a karanta ta da kuma ƙarfin karatun. Idan ana son furotin ya fito waje, sai a liƙa masa takardar izinin fita, wadda galibi ake arowa daga wani sinadarin barbara na yis mai suna alfa, kuma wani enzayim mai suna Kex2 ne ke datse ta kafin furotin ya fita. Ana kuma sa alamar tantancewa, kamar ƙwayar gadon da ke ba yis ikon jure wani magani ko ikon ƙera wani abincin da aka hana shi, ta yadda ƙwayoyin da suka karɓi zoben ne kaɗai za su rayu. Da yake yis yana da bango mai kauri, ana tausasa shi da gishirin litiyam ko a buga masa ɗan gajeren lantarki domin DNA ya samu shiga. Albert Hinnen da James Hicks da Gerald Fink ne suka fara nuna cewa hakan mai yiwuwa ne a 1978, kuma a 1996 aka kammala karanta dukkan kundin gadon Saccharomyces cerevisiae, mai ƙwayoyin gado kimanin 6,000. Zoben yana iya zama a ware yana kwafar kansa, ko kuma a saƙa shi cikin DNA na yis ɗin, kuma masana'antu sun fi natsuwa da na biyun domin ba ya ɓacewa bayan an yi ta hayayyafa.

Labarin Pichia kuwa ya fara ne daga wani waje dabam. A shekarun 1970 kamfanin mai na Phillips Petroleum a Amurka ya yi ta renon wannan yis a kan metanol, wani sinadari dangin barasa, da nufin ya sayar da shi a matsayin abincin dabbobi mai yawan furotin, sai tashin farashin makamashi ya sa harkar ta kasa gogayya da waken soya. Amma ƙwarewar da aka samu ta cika tanki da ƙwayoyi ba ta tafi a banza ba, domin a shekarun 1980 aka gano cewa enzayim ɗin da Pichia ke fara narkar da metanol da shi yana da makunni mai ƙarfin gaske da ake kira AOX1. Idan akwai sukarin gulukos ko gilisarol, wanda shi ma abincin yis ne, makunnin a rufe yake, da zarar kuwa an koma metanol sai ya buɗe, har wannan enzayim guda ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin da ke narke a cikin ƙwayar. Wannan ya ba mai aiki damar raba aikin gida biyu: ya fara tara ƙwayoyi a kan gilisarol ba tare da ya ɗora musu nauyi ba, sannan ya kunna ƙira da metanol.

Akwai wani bambanci kuma. Saccharomyces idan ya ga sukari ya yawaita sai ya karkata ga mayar da shi etanol, wato barasa, ko da akwai isasshiyar iskar oksijin, ɗabi'ar da masana ke kira da sunan Crabtree, kuma wannan yana ɓarnatar da abinci yana kuma danne girmansa, shi ya sa ake ɗiga masa sukari kaɗan-kaɗan. Pichia ba shi da wannan ɗabi'a, don haka ana iya samun sama da giram 100 na busassun ƙwayoyinsa a kowace lita. Bugu da ƙari ba ya fitar da furotin nasa na kansa da yawa, abin da ke sauƙaƙa tacewa. Sai dai metanol dafi ne kuma yana kama wuta, narkar da shi kuma yana cin iskar oksijin sosai yana haifar da zafin da sai an sanyaya tanki, dalilin da ya sa wasu ke komawa makunnin GAP wanda ba ya buƙatar metanol. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Kalbitor, maganin farko na Pichia da ta ba izini, kuma kamfanin Biocon na Indiya da wannan yis yake ƙera insulin. Idan ka ga sunan Komagataella phaffii kada ka ruɗe, sabon suna ne da aka ba yawancin nau'o'in da ake aiki da su.

Tambaya: Idan yis yana da sauƙin reno kuma ya iya naɗi, me ya hana a ƙera dukkan magungunan furotin da shi? Daga wata ma'aikaciyar ɗakin magani.

Amsa: Hajiya, abin da ya hana shi ne sukari, kuma a ganina wannan ce tambaya mafi muhimmanci a cikin wasiƙun nan. Furotin masu yawa na jikin mutum, musamman masu yawo a jini, ba sa fita tsirara. Ana rataya musu rassan sukari a wasu keɓantattun wurare, kuma waɗannan rassa suna tantance tsawon zaman furotin a jini, da yadda garkuwar jiki za ta kalle shi, wani lokaci ma da ko zai yi aiki ko ba zai yi ba. Yis da mutum tare suke fara wannan aiki, domin gindin reshen da ake fara ɗaurawa iri ɗaya ne, amma da furotin ya isa ɗakin ƙarasawa da ake kira Golgi sai hanya ta rabu. Ƙwayar mutum tana rage wani sukari mai suna manos ta maye gurbinsa da wasu, ta rufe bakin reshen da galaktos da sayalik asid. Yis kuwa ƙara manos yake yi a kan manos, har Saccharomyces yakan jera 50 ko 100 ko fiye a reshe guda, yayin da Pichia yakan tsaya a 8 zuwa 14.

Jikin mutum ya san wannan tufa sarai, domin ita ce tufar fumfuna, kuma akwai ƙwayoyi a hanta da cikin garkuwar jiki da ke cafke duk furotin da ya zo da manos a fili. Sakamakon shi ne a share maganin daga jini kafin ya yi aiki, ko jiki ya tayar masa da yaƙi. Sannan tsawon rassan ba ya zama ɗaya daga ƙwaya zuwa ƙwaya, alhali magani ana so kowane zubi ya yi daidai da wanda ya gabace shi. Sinadarin iritiropoyetin, wanda ake ba masu ciwon ƙoda domin ƙara musu jini, misali ne bayyananne, domin idan babu sayalik asid a bakin rassansa hanta tana kwashe shi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa shi da yawancin magungunan antibodi, wato furotin irin na garkuwar jiki masu cafke abin da aka nufe su da shi, ake ƙera su a cikin ƙwayoyin CHO, waɗanda aka samo asalinsu a ƙarshen shekarun 1950 daga mazaunin ƙwai na wata dabba dangin ɓera mai suna hamsta.

Idan kika duba magungunan da yis ya yi fice a kansu za ki ga galibinsu waɗanda ba sa buƙatar wannan tufa ne: insulin, da gulukagon mai ɗaga sukarin jini, da albumin na ruwan jini, da sarƙar da ake gina maganin ciwon sukari na semagulutayid a kanta. An yi ƙoƙarin sauya wa yis ɗabi'a, kuma a 2006 Tillman Gerngross da abokan aikinsa na kamfanin GlycoFi suka bayyana cewa sun kashe ƙwayoyin gado 4 a jikin Pichia sun dasa masa 14 daga wasu halittu, har ya ƙera rassa irin na mutum masu sayalik asid, kuma a shekarar ce kamfanin magunguna na Merck ya sayi GlycoFi. Nasara ce babba ta fuskar ilimi, amma ba ta ture CHO daga masana'antu ba, domin a wannan tsakanin su ma ƙwayoyin CHO an inganta su sun ƙara yawan abin da suke fitarwa. Wata hanyar ita ce a goge wurin ratayar sukarin daga furotin ɗin tun a umarninsa idan aikinsa bai dogara da shi ba, kuma haka aka yi wa Vyepti, antibodi na rigakafin ciwon ɓarin kai da Pichia ke ƙerawa, wanda aka amince da shi a Amurka a 2020.

Tambaya: An yi wa ɗana allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, sai na ji an ce daga yis ake yin ta. Shin akwai yis mai rai ko ƙwayar cutar a ciki? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, babu ko ɗaya daga cikinsu. Rigakafin farko da aka amince da shi a Amurka a 1981 daga jinin masu ɗauke da cutar ake tace shi, kuma ko da yake ana tsarkake shi sosai, samun jinin yana da wuya, mutane kuma suna ɗari-ɗari da shi. A 1982 Pablo Valenzuela da William Rutter da abokan aikinsu suka nuna cewa idan aka ba yis umarnin furotin guda ɗaya na fatar bairas ɗin, furotin yana taruwa ya zama 'yan ƙwallaye masu kama da bairas daga waje amma babu DNA ɗinsa a ciki. Garkuwar jiki tana ganin wannan siffa ta koyi yaƙarta, ƙwallon kuwa ba shi da abin da zai hayayyafa da shi. A 1986 aka amince da Recombivax HB, rigakafi na farko ga mutane da aka yi da wannan fasaha, kuma irin wannan dabara ce aka bi wajen Gardasil na sankarar bakin mahaifa a 2006, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S da na R21 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a 2021 da 2023. Ana fasa ƙwayoyin yis ɗin ne a tace furotin ta matakai da dama, abin da ke saura na furotin ɗin yis kaɗan ne ainun. Wanda ya taɓa fuskantar mummunan martanin jiki ga yis ko ga allurar da ta gabata shi ne ya kamata ya sanar da likita kafin a yi masa.

Tambaya: Malam, ina aikin digiri na biyu da Pichia. Ƙwayoyin suna girma sosai a kwalba, amma furotin da nake nema ba ya fitowa sai ɗan kaɗan. Shin in ƙara yawan kwafin ƙwayar gadon?

Amsa: Kada ka yi gaggawar ƙarawa, ɗan'uwa, sai ka san inda furotin ɗin yake maƙalewa. Ka raba ƙwayoyin da ruwansu, ka fasa wasu ka auna abin da ke ciki. Idan furotin yana nan cunkushe a ciki, to ƙirar tana tafiya, naɗi da fitarwa ne suka gaza, kuma ƙara kwafi a wannan hali lodi ne a kan lodi, domin idan ɗakin naɗi ya cika sai ƙwayar ta shiga rusa abin da bai naɗu ba. Abin da ya fi taimakawa shi ne ka rage zafi lokacin ƙira daga digiri 30 zuwa tsakanin 20 da 25, ko ka ƙara wa yis ɗin furotin masu taya naɗi irin su PDI, ko ka gwada wata takardar izinin fita. Idan kuwa babu shi ciki babu shi waje, ka tabbatar ba a bar ragowar gilisarol ko gulukos da ke rufe AOX1 ba, kana ƙara metanol kimanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 a kowace rana domin yana ƙarewa yana kuma ƙafewa, kuma ruwan bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na kwalbar ba saboda iska ta wadata.

Idan kana ganin gutsattsari ƙanana, enzayim masu yankan furotin ne ke cinye maka shi. Pichia yana jure tsami daga ma'aunin pH 3 zuwa 7, don haka kana da sararin neman inda yankan ya fi rauni, kana kuma iya rage tsawon lokacin ƙira ko ka koma nau'in da aka kashe wa ƙwayar gadon PEP4, wadda ke ɗauke da umarnin ɗaya daga cikin waɗannan enzayim masu yanka. Ka duba jerin furotin ɗinka ko akwai amino asid ɗin layisin da arjinin a jere a wurin da ke fili, domin a nan Kex2 yake yanka. Wani lokaci kuma furotin yana nan da yawa, amma rassan manos masu tsawo daban-daban sun sa ya bazu ya zama dishi-dishi a kan ma'aunin da ke jera furotin layi-layi bisa girmansu. Ka zuba wa samfurin enzayim ɗin Endo H ya aske rassan, idan layi guda ya fito sarai to ka gano matsalarka. Ina kuma ba ka shawara kada ka yanke hukunci da ƙwaya ɗaya ko biyu da ka tsinta daga faranti, domin ƙwayoyin da suka karɓi DNA iri ɗaya a rana ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a yawan abin da suke fitarwa. Ka tsinci gommai ka gwada su a ƙananan kwalabe, kuma wadda za ka ɗauka zuwa tanki ka zaɓe ta da gwajin aikin furotin ɗin, domin kaurin layi a kan ma'auni yana iya haɗawa da wanda bai naɗu daidai ba.